Gashina na zubewa bayan haihuwa, in sayi shamfun gargajiyar nan?

Amaryar Gesse: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da haihuwata, tun a wata na uku gashina ke zubewa. In na taje kai sai matajin ya cika, gaban goshi har ya fara haske. Wata a nan Birnin Kebbi tana sayar da shamfu, ta ce ganyen magarya, hulba da kanumfari ne a ciki, kwalba naira 6,500. Na duba babu lambar NAFDAC a jiki. Ina shayarwa, kuma bikin ƙanwar maigidana saura mako biyar. Wadda ta taɓa gwada irinsa ta faɗa min tsakani da Allah, in saya ko in bari?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ki nemi chebe, garin gyaran gashi na Chadi, ki kwaɓa da man kaɗanya. Ni shi ya tara min gashi kafin aurena.

'Yar Argungu: 'Yar uwa, ki riƙe kuɗinki. Bara na sayi irin wannan, saiti guda da mai da shamfu, naira 9,000 ban da kuɗin mota. Wankin farko na ji kaina na zafi, na kira ta, ta ce ai maganin ne ke ratsa jijiya, in daure. Na daure. Wanki na uku fatar kan ta yi ƙuraje tana ruwa, ko ɗankwali ba na iya ɗaurawa. Na aika mata hoto, ta ce wai jinina ne bai karɓa ba. Da na ce ta faɗa min abin da ta zuba a ciki don in gaya wa likita, sai ta toshe lambata. Wata biyu ina zaryar asibiti. Har yau akwai wuri kamar faɗin kwabo a bayan kunnena da gashi bai dawo ba, kullum mai kitso sai ta jawo na gefe ta rufe. Ban yafe ba.

Uwar Biyu: Subhanallahi. Allah Ya saka miki.

Maman Jega: 9,000? A kasuwar Jega 3,500 ake ba da babbar kwalba.

'Yar Argungu: Ba iri ɗaya ba ne.

Maman Jega: To ya aka yi kika sani, tunda duk babu takarda a jiki?

Nas Badariya: Amarya, abin da kike gani ya saba faruwa ga masu jego. Lokacin ciki sinadarin jikin mace da ake kira estrojin yana ƙaruwa, sai gashin da ya kamata ya faɗi ya tsaya. Bayan haihuwa sinadarin ya sauka, duk wanda aka riƙe sai ya zube lokaci guda, yawanci daga wata na biyu zuwa na huɗu. Mafi yawan mata kafin yaro ya shekara kan ya cika. Gashi kuwa kusan santimita 1 yake tsawo a wata, babu shamfun da zai rufe miki goshi a mako biyar, balle abin da minti uku kin ɗauraye shi. Ki je a auna jininki, don ƙarancin sinadarin ayon, wato ƙarfen da jini ke buƙata, shi ma na zubar da gashi. In kin nace sai kin gwada, shafa kaɗan a bayan kunne ki bar shi kwana biyu tukuna.

Hajiya Babba: Ku ɗiyan yanzu komai sai awon jini. Haihuwa tara na yi, da karkashi da man shanu na riƙe kaina. Magarya kuwa tun kakanni ake wanke kai da ita, mi zai sa a tsorata yarinya?

Nas Badariya: Hajiya, ban kushe magarya ba. Wadda kika daka da hannunki kin san ta. Ta cikin kwalba ce ba mu san da me aka haɗa ba.

Maman Jega: Ke nas ce ko likitar fata? Hajiya dai ta ga jiya ta ga yau.

Autar Zuru: Don Allah in ya yi aiki ku sanar da ni in saya wa maigida jarka guda. Sanƙonsa in ya shiga rana sai ka ce sola.

Uwar Biyu: Auta, Allah Ya shirye ki!

'Yar Argungu: Ni fa har masu kitso ina ganin laifinsu. A ja gashin goshi kamar ana ɗaure buhun shinkafa, kwana uku ba ki iya sa goshi a ƙasa da daɗi, sannan a karɓi 2,000.

Mai Kitso Kalgo: A'a, kar a ɗora mana. Ku ne kuke cewa a matse don ya kai wata guda. In na sassauta, bayan mako ku dawo kuna cewa na ci kuɗinku. Mai jego ma ni ba na yi mata ƙananan kitso, sai ta ce na raina ta.

Amaryar Gesse: Na gode, amma har yanzu ba wadda ta ce min ta yi amfani da shi tana shayarwa.

Maman Jega: Mai Kitso, a Kalgo nawa kuke yin shuku yanzu? Tamu ta ƙara 500, wai har da kuɗin mai, alhali ni nake zuwa da man kaɗanyata.