Kyamarar kwamfuta mai sauƙin kuɗi: wacce kuka gwada a gida?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Kwamfutarmu ta kan tebur ce, ba ta da kyamara, ga shi tarukan aikina sun koma Zoom, yara ma suna son gaisawa da kakarsu ta bidiyo. Ina neman wadda kuɗinta bai yi yawa ba, wadda zan jona kawai ta kama aiki. Don Allah waɗanda suka taɓa saye ku faɗa min abin da kuka gani.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni da Logitech C270 nake koyarwa. Tsohuwar ƙira ce, 720p take ɗauka (lambar tana nuna tsabtar hoto, yawanta ƙarin tsabta), hoto 30 a daƙiƙa ɗaya. Ina soka ta a ramin USB fuskata ta bayyana, ban sauke wata manhaja ba, domin tana bin UVC, tsarin bai-ɗaya na kyamarorin USB, wanda Windows da macOS da Linux duk sun san shi. Wannan tsarin za ki fara tambaya kafin ki biya. Sai dai idonta a kafe yake, ba ta daidaita gani da kanta. Fuska tana fita tsaf, amma takardar da aka kawo dab da ita rubutunta zai yi dishi-dishi. In aikinki akwai nuna takardu, yayarta C920 ta fi dacewa, ita 1080p ce kuma tana bin abin da aka sa a gabanta, amma fa ta fi tsada.

Mai Gyara:
Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ki. An kawo min wata marar suna, an rubuta mata 4K, wato tsabtar hoto da ta zarce 1080p, da manyan baƙaƙe, da na kunna sai fuskata ta fito kamar an shafa wa gilashin man shafawa. Ƙaramin hoto suke ɗauka su miƙe shi da manhaja. Ko da ta gaske ce, yawancin kiran Zoom na talakawa ba ya wuce 720p, kuma shi kansa Zoom ya ce 1080p na buƙatar intanet mai tura kusan megabit 3.8 a daƙiƙa. To me za ki yi da 4K?

'Yar Ofis:
Anti, ni abin da ya ba ni mamaki haske ne. Abokan aikina sun yi ta cewa ba sa ganin fuskata, baƙar inuwa kawai, har na fara shirin sayen sabuwa. Ashe tagar da ke bayana ce: kyamara tana auna hasken da ya fi ƙarfi, sai ta duhunta sauran. Na juya tebur taga ta koma gabana, shi ke nan, aka fara tambayata wace kyamara na canza. Da daddare kuma ƙaramar fitila a bayan allo ta isa. In kika ga layuka suna gudu a hoton ƙarƙashin ƙwan lantarki, ki shiga saitin kyamarar ki sauya tsakanin 50Hz da 60Hz, wato saurin kaɗawar wutar lantarki.

Malamin Lissafi:
Haka ne ƙanwata. Ki kuma kula da sauti. Makirufon cikin kyamara yana kwaso ƙarar fanka da hayaniyar yara, ɗalibaina kuwa suna haƙuri da hoto marar kyau amma ba sa haƙuri da magana da ba a ji. Iyafis ɗin waya nake maƙalawa.

Ɗalibi:
Ni ban sayi komai ba, tsohuwar wayata na mayar kyamara da manhajar DroidCam, hoton ma ya fi na laftof ɗina. Amma gaskiya, Mama, ba zan ba ki wannan shawarar ba tunda sauƙi kike nema. Kullum sai an haɗa, wayar tana zafi, kira na shigowa ana tsakiyar taro.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ina ganin 720p ta ishe ni. Mai Gyara, me zan duba ranar da ta iso?

Mai Gyara:
Ki duba bakin igiyarta tukuna, yawancinsu USB-A ne, wasu sababbin kwamfutoci kuwa USB-C kawai gare su, sai da adafta. In kin jona allo ya tsaya baƙi, kada ki ce ta lalace. Ko Windows bai ba manhajar izinin kyamara ba, ko wata manhajar ta riga ta riƙe ta, ki rufe waccan. Tunda a gida za ta zauna, ki zaɓi mai ɗan murfin rufe idonta don kada a gan ku ba da saninku ba, in babu ki riƙa zare igiyarta in kin gama.