Ƙananan samosa a eya firaya: ya ake yi ba ya fitowa fari ya bushe?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ranar Asabar za mu yi walimar saukar ɗan yayata, ni aka bar wa samosa. Ƙanana nake so, irin loma ɗaya ɗin nan da ake jerawa a faranti. Mai ya yi tsada, ga eya firaya, na'urar nan mai gasa abinci da iska mai zafi, a gida tana zaune. Waɗanda suka saba yi a cikinta, don Allah a taimaka da yadda kuke yi. Na makwabciyata da na gani ya fito fari fat, kuma da tauri.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a karatun, ya sa mai amfani ne. Kafin komai, wane irin falle, wato ɓawon da ake naɗe samosar da shi, za ki yi? Na kwaɓin ruwa da ake shafawa a kasko, ko na murzawa?

Maman Ilham: Amin Anti. Na shafawa a kasko na iya.

Anti Bilki: To daga nan zancen yake. Fallen kasko babu mai a jikinsa, fulawa ce da ruwa da gishiri. A cikin mai yana da kyau saboda man ne ke yi masa komai. Ita kuwa na'urar nan ƙarfen zafi ne a sama da fanka da ke watsa iskar, gashi take yi, ba suya ba. In kika sa mata busasshen falle sai ta ƙara busar da shi, shi ya sa kike ganin farin nan da tauri. Dole mai ya taɓa ko'ina a jikinsa, har kusurwoyi ukun.

Ni ga yadda nake yi, na murzawa. Fulawa kofi 2, mai babban cokali 4, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki fara murtsuke man da fulawar da yatsu tun ba ki zuba ruwa ba, sai kin ga in kika dunƙula a tafin hannu ta tsaya ba ta warware ba. Sannan ruwa kaɗan-kaɗan, kada ya kai rabin kofi ma, kwaɓin ya yi tauri, ba irin na burodi ba. Ki rufe da ɗanyen tsumma mai tsafta minti 30. Man da ya shiga cikin kwaɓin shi ke sa ya yi garas-garas ko da ba a tsoma shi a kaskon mai ba.

Ummu Khalid: Anti Bilki ta faɗi gaskiya, amma fa na kaskon ma yana yi. Shi nake yi kullum. Sirrin kawai a sa cokali 1 na mai a cikin kwaɓin ruwan, kuma kada a bari fallen ya daɗe a kasko. Da gefensa ya fara ɗagowa a cire, a tara a rufe da leda ko tsumma. Bayan an naɗe a shafe shi da mai da burushi gaba da baya. Ya fi na murzawa ƙaras-ƙaras ma, sai dai bai kai shi kauri ba.

Anti Bilki: Yana yi, ban musa ba. Amma na walima da zai yi awa biyu a faranti kafin baƙi su zauna? Siririn falle yana saurin yin laushi. Ni dai na murzawa zan zaɓa.

Hajiya Mai Kayan Fulawa: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Maman Ilham, guda nawa ake magana?

Maman Ilham: Kamar 200 Hajiya.

Hajiya Mai Kayan Fulawa: 'Yata, ki yi lissafi da kanki. Kwandon na'urar gida, mai lita 4 ko 5, in kin jera ƙananan ba tare da sun hau juna ba bai fi ya ɗauki 12 zuwa 15 ba. Kowane zubi minti 10 zuwa 12. Guda 200 kin ga zubi 14 ke nan ko fiye, kusan awa 3 kina tsaye a kanta, in wuta ta zauna. Babban kasko da mai a kan gas kafin awa 1 kin gama. Ni sana'ata ce, ban taɓa kai wa masu biki na na'ura ba, don ɗanɗanon ba ɗaya ba ne, duk wanda ya ce miki ɗaya ne yana so ya faranta miki ne. Na yaran gida da na buɗa-baki, guda 20 ko 30, nan ne take da rana.

Ummu Khalid: Hajiya ai ba mu ce ɗaya ba ne 😄 Amma wanda likita ya hana maiƙo fa? Maigidana sai na na'urar yake ci.

Hajiya Mai Kayan Fulawa: Wannan daban. Allah ya ƙara masa lafiya.

Maman Twins: Akwai hanyar tsakiya. Ki soya su a mai tun da safe, sama-sama, su ɗan fara ja ki kwashe. Dab da zuwan baƙi sai ki riƙa zuba su a na'urar minti 3 zuwa 4 a digiri 180. Tun da sun riga sun soyu za ki iya cika kwandon fiye da na ɗanye, ki girgiza sau ɗaya. Suna fitowa da zafi, laushin ya tafi, kuma man da suka sha yana tsiyayewa ƙasa, za ki gan shi a gindin kwandon. A wajen ɗumame kam babu abin da ya kama ƙafarta.

Maman Ilham: Kai, wannan ta yi min. Amma duk da haka a ba ni lokaci da zafin na ɗanyen, zan yi wa yara.

Anti Bilki: Ki kunna ta babu komai minti 3 ta ɗauki zafi. Digiri 180, in taki mai lambobin Amurka ce 360 ke nan ko kusa. Ki jera da ɗan tazara, iska ta samu hanyar wucewa. Minti 6 ki buɗe ki juya su, in kin ga inda ya yi fari ki ɗan ƙara shafa mai, ki mayar minti 5. In ba su yi ja yadda kike so ba ki kai 200 na minti 1 ko 2, amma ki tsaya a wurin, don kusurwoyin ƙananan nan da nan suke ƙonewa. Zubi na biyu ya fi na farko sauri saboda ta riga ta yi zafi. Kuma na'urorin sun bambanta, ki fara da guda 3 ki ga halin taki.

Malama Safiya: Ba wanda ya yi maganar haɗin ciki, alhali rabin fashewar samosa daga nan take. Haɗin ya zama dafaffe, busasshe, kuma ya huce sarai kafin a naɗe. Niƙaƙƙen nama ki zuba a tukunya da citta da tafarnuwa da gishiri da dunƙule, ki bar shi ya fitar da ruwansa ya shanye, kina farfasawa da cokali kada ya cure. Sai kori da attaruhu. Albasa a yanka ƙanana sosai a zuba daga ƙarshe, ta ɗan rusuna kawai, in ta daɗe ruwa take saki. Karas ma a goga ko a yanka mitsi-mitsi, don babban yanka yana huda falle. Ga ƙananan nan ƙaramin cokali 1 ya ishi kowanne. Son a cika shi ya yi ɓul-ɓul shi ke sa baki ya ƙi liƙuwa.

Amaryar Zariya: Malama ni dankalin turawa nake sawa a nawa, ƙawata ta ce wai ba samosa ba ne in babu nama.

Malama Safiya: Ki gaya mata ta je Indiya ta faɗi haka. Can wanda aka fi sayarwa a titi na dankali ne da koren wake, babu nama sam. Amma ita ma tana da ɗan abin kamawa, don na naman ya girmi na dankalin. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya ba da labarin wanda ake kawowa a fadar Sarki Muhammad bin Tughluq a Delhi a ƙarni na 14, niƙaƙƙen nama ne da su almon da kayan ƙamshi. Lokacin dankali bai ma iso Indiya ba, daga baya Turawa suka kai shi, asalinsa daga Kudancin Amurka. A na'ura ma dankalin yana da amfani, yana riƙe ɗan danshi a ciki, haɗin ba ya bushewa ƙayau. Ni rabi da rabi nake yi, naman ma ya yi auki.

Ummu Khalid: Malama ba ta barin aji ko a zaure 😂

Maman Abdul Jidda: Mu nan Jidda da azumi sambusa, wato samosa, ba ta yankewa a kan ledar buɗa-baki, kuma fallen sayensa ake yi a kanti, dogaye a yayyanke. In kin samu irinsa a manyan kantunan Kano ko Abuja, ko fallen sifirin rol, ki raba shi a tsaye, faɗin yatsu uku, tsawon kamar taƙi ɗaya. Shi ke ba da ƙananan daidai loma. Wanda ba ki kai kansa ba ki bar shi a rufe, minti kaɗan a iska ya fara tsagewa. Ana yin na cuku ma, yara suna so, amma a na'ura sai an liƙe bakin da kyau, in ba haka ba cukun zai narke ya zubo ya yi hayaƙi.

Maman Ilham: Da me kuke liƙewa? Ƙwai?

Maman Abdul Jidda: Fulawa cokali 2 da ɗan ruwa, a dama ya yi kauri kamar koko. A lakata da yatsa a shafa a leɓen ƙarshe a danne. Ki duba kusurwoyin kada a bar ɗan rami.

Anti Bilki: Gargaɗi biyu. Masu shimfiɗa takardar gashi a kwando, kada a sa ta lokacin da ake ɗumama na'urar babu komai a kai. Iskar za ta ɗaga ta ta manne a ƙarfen zafin, gobara ke nan. Sai an ɗora samosa a kanta ya danne. Ni ma ban ga amfaninta a nan ba, tana toshe ramukan ƙasa ne kawai. Na biyu, man fesawa na gwangwani yana lalata rufin kwandon a hankali. Burushi da man gyaɗa a kofi sun wadatar.

Maman Twins: A ƙara da wuta. Ku duba gindin na'urar, yawancinsu wat 1200 zuwa 1800 suke ja. Ƙaramin janareta mai wat 900 ba zai ɗauka ba, kashe kansa zai yi ko ya ƙone. Masu inbata ma a tambayi wanda ya haɗa tukuna. Kuma a jona ta a soket na bango, ba a siririn wayar ƙari da ake cajin waya ba. A mita kuwa ba ta da ci sosai: mai wat 1500 in ta yi minti 20 rabin yunit ne, ko ƙasa da haka, tun da tana ɗaukewa tana dawowa.

Amaryar Zariya: To in na naɗe da yawa zan iya ajiyewa? Azumi nake hange.

Ummu Khalid: Sosai ma. Ki jera a tire ba tare da sun taɓa juna ba, ki sa a firiza su daskare, sannan ki juye a leda ki ɗaure. In kika zuba su a leda tun suna ɗanye za su manne su zama dunƙule ɗaya. Ranar da kike so ki ɗauko daga firiza ki shafa mai ki sa kai tsaye, kada ki jira su saki, ki ƙara minti 3 ko 4 a kan lokacin.

Hajiya Mai Kayan Fulawa: Da sharaɗi. In unguwarku ana kwana biyu babu wuta, firizar ta saki ta sake kamawa, to kada ki ajiye mai nama. Ki yi fallen ki ajiye, haɗin kuwa a yi na ranar. Cikin mutum ba wurin gwaji ba ne, balle mai azumi.

Amaryar Zariya: Na gode Hajiya, mu kam wutar sai a hankali. Fallen zan ajiye.

Maman Abdul Jidda: Ba a faɗi abin dangwalawa ba. Ku gwada tsamiya: a jiƙa a tace, a dafa da dabino ko mazarƙwaila, ɗan gishiri, garin citta da barkono, har ta yi kauri. Da samosar dankali ba a magana.

Hajiya Mai Kayan Fulawa: Ku ci tsamiyarku. Baƙin walima yaji za su tambaya, Maman Ilham ki daka mai tafarnuwa ki zuba a ƙananan kofuna. Kuma in kin kwashe daga na'urar kada ki juye a kula ki rufe da zafinsu, gumi zai lalata miki aikin. A baza a kwando mai ramuka su sha iska minti 5 tukuna.

Maman Twins: Hajiya, kwali mai murfi fa, irin na rabon biki?

Hajiya Mai Kayan Fulawa: Ya fi roba, yana shan gumi. Amma shi ma sai sun huce, kuma kada a haɗa su da fanke mai zafi a kwali ɗaya.