Garmahon da marigayi kakana ya bari

Mai tambaya daga Jekadafari, Gombe: Assalamu alaikum. Ranar da muke share ɗakin marigayi kakana na tarar da wani garmaho na akwatin katako mai ɗauke da sunan Edison. Fayafayensa sun fi na yau da kullum kauri nesa ba kusa ba, kuma allurarsa ba ta ciruwa. Don Allah, wane iri ne wannan?

Mai gyaran rediyo, Wunti, Bauchi: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa kwatancenka, wannan shi ne Edison Diamond Disc, wanda aka yi a Amurka daga 1912 zuwa 1929, kuma samun irinsa a nan ba ƙaramin abu ba ne, domin garmahon HMV na Ingila aka fi sani a ƙasarmu. Bakin allurarsa daimon ne, shi ya sa ba a sauya ta. Zanen faifansa sama da ƙasa yake tafiya, yana juyawa sau 80 a minti, alhali akasarin sauran fayafayai zanensu gefe da gefe yake, suna juyawa sau 78. Kada ka kuskura ka ɗora masa allurar ƙarfe, nan take za ta kankare muryar.

Wata malama daga Pantami: Malam, a kiyaye fayafayen daga ruwa, saboda cikinsu haɗin garin katako ne, da zarar ya jiƙe sai ya kumbura. Kuma kada a wana hannun da ƙarfi kafin a sauya tsohon man da ya daskare a jikin sifirin.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Saura ƙiris jiya in wanke su da sabulu.