Wutar tsohuwar Hilux tana ɗaukewa tana dawowa

Direba, Tahoua: Assalamu alaikum. Fitilun motata suna dushewa idan na shiga gargada a hanyar Konni, kuma wata safiyar takan ƙi tashi, alhali batirin sabo ne. Ina zan fara dubawa?

Makanike, Yamai: Wa'alaikumus salam, Malam. Tunda gargada ce ke tayar da matsalar, na fi zargin wayar da ta haɗa batiri da jikin mota, domin tsatsa da ƙura sukan sassauta ta. Ka kwance ta, ka kankare wurin, ka ɗaure sosai.

Mai gyaran wuta: Alhaji, ka auna batirin lokacin da injin yake aiki, idan bai kai volt 13.5 ba, altaneta, wato na'urar da ke cajin batiri, ita ce ba ta caji.