Tsohuwar jitar bas da aka kankare sunanta: yaya zan gane ta, ta ina zan fara gyara?

Tsirkiya_Huɗu:

Assalamu alaikum masana. Tsohuwar jitar bas ce ta lantarki a gabana, an kankare sunan da ke kanta. Ƙirarta irin ta Precision ce, bas ɗin kamfanin Fender na Amurka: fikof (maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya) ɗaya rabe biyu, boliyum ɗaya, ton ɗaya. Sukuru huɗu ne suka riƙe wuyan, farantin ƙarfen da ke bayansa yana da rubutu amma tsatsa ta rufe shi. Fenti duk ya tsattsage. Wuyan ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da firet (ƙarafan da ke jere a kan wuya) kamar milimita 6 a tsakiya. In an jona ta da amfilifaya sai gunji, sautin ya zo ya ɗauke. Yaya zan san ko ta asali ce ko kwaikwayo? Niyyata in fara goge jikin da samfefa in sake mata fenti.

Mai_Alanki:

Wa alaikumus salam. Malam, ajiye samfefar nan tukuna. In ta asali ce, tsattsagaggen fentin ya fi sabo daraja nesa ba kusa ba, kuma abin da ka kankare ba ya dawowa.

Kada ka dogara da farantin bayan wuya, sukuru huɗu kawai ake kwancewa a musanya shi. Fender ta riƙa buga lambar jita a wannan faranti har 1976, daga nan ta mayar da ita kai, amma lamba ita kaɗai ba hujja ba ce. Shaida tana ciki. Sassauta tsirkiyoyi, ka kwance wuyan, ka duba gindinsa: a tsofaffin Fender za ka tarar da wata da shekara, da fensir ko da hatimi. Sannan ka leƙa ramin da wuyan ke zama. In ka ga katakon hawa-hawa ne kamar an jera takardu, filawud ne, maganar tsohuwar Fender ta Amurka ta ƙare.

Sai ka ɗaga robar fuska ka karanta bayan boliyum. Lamba mai farawa da 137 ta kamfanin CTS ce, 304 kuma Stackpole, duka masu ƙera boliyum ne. Misali 1377432 na nufin CTS, 1974, mako na 32. Wannan yana nuna jitar ba ta girmi ranar ba, in dai ba a taɓa canza boliyum ɗin ba. Dalmar da ke jiki za ta tona: ta asali ta dushe kuma tsaf take, ta mai gyara ta fi ƙyalli da tulin yawa.

Auna daga bakin wuya, inda tsirkiya ke tashi, zuwa firet na 12, ka ninka biyu. Precision inci 34 ce, wato milimita 864. In ka samu inci 30, gajera ce, wata jita ce daban.

Kafinta_Jita:

Duk abin da Mai_Alanki ya faɗa haka yake, sai dai ni da wuya zan fara kafin suna. Bas da wuyanta ya mutu, ko sunan wa ke kanta, ado ce kawai.

Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, rodin da ke cikin wuyan shi ke turje wa wannan ja. Kuskuren da ke kashe tsofaffin jita shi ne a kama notin rodin a yi ta ɗaurewa da ƙarfi. Notin da ya shekara ba a taɓa shi ba ya ƙame, in ka tilasta shi ko dai haƙoransa su cinye ko rodin ya tsinke. Fara juya shi hagu. In rodi mai aiki gefe ɗaya ne, yadda akasarin tsofaffi suke, notin zai fito gaba ɗaya. Goge zaren rodin, ɗiga mai kaɗan, ka mayar.

Kada ka sa noti ya miƙar da wuya shi kaɗai. Ɗora miƙaƙƙen katako mai kauri a kan fuskar wuyan, da 'yan guntayen katako biyu a ƙarƙashinsa, ɗaya wajen firet na farko ɗaya wajen na ƙarshe. Matse tsakiya da kilam a hankali har wuyan ya miƙe ya ɗan wuce, sannan ka ɗaure notin ya riƙe inda kilam ya kai shi. In noti ya kai ƙarshen zare wuya bai miƙe ba, katakon da ke ƙarƙashinsa ne ya lotsa. Sa washa ɗaya ko biyu kafin notin, za ka samu ƙarin zare.

Bayan an sa tsirkiya, kwatan juyi ya isa a lokaci ɗaya, ka bar shi ya kwana. Abu guda da rodi ba ya magani shi ne murɗewa. Ka hango wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba bindiga: in gefe ɗaya ya tashi ɗaya ya faɗa, aikin ya wuce na gida.

Tsirkiya_Huɗu:

Allah ya saka da alheri. Na kwance. Babu kwanan wata a gindin wuya, katakon jikin ba filawud ba ne. Boliyum ƙanana ne, babu 137. Da na goge farantin sai ga "Steel Adjustable Neck" da "Made in Japan". Tsawo inci 34. Notin rodi ya fito lafiya, wuya bai murɗe ba. Saura gunjin.

Injiniya_Sauti:

To ɗan'uwa, ka samu amsa. Wannan rubutu an fi saninsa a jitocin masana'antar Matsumoku ta Japan, wadda ta ƙera jitoci masu sunan Aria da Univox kafin a rufe ta a 1987. Kwaikwayon Precision ce, amma ba ta yarwa ba. Abin lura, kayanta awon milimita ne. Ramin boliyum ɗinta kamar milimita 8 ne, na CTS yana buƙatar 9.5, kuma alankin inci zai cinye kan ƙananan sukurun gada, ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jitar.

Kafin ka narka dalma ko ɗaya, jona waya a soket, buɗe boliyum gaba ɗaya, ka sa mitar auna juriyar lantarki a ɗaya bakin wayar. Fikof irin wannan yakan nuna tsakanin 8k da 11k (k na nufin ohm dubu). In ka ga 250k ko 500k, juriyar boliyum kake karantawa, hanyar fikof ta yanke, ko a dalma ko a cikin koyil. In sifili ne, waya ta taɓa waya. In lambar tana tsalle idan ka motsa wayar, soket ne, kuma da yadda ka ce sauti na zuwa yana ɗaukewa shi na fi zargi. Goge harshensa, ka ɗan lanƙwasa shi ciki ya kama sosai.

Gunjin kuwa, akwai siririyar waya da ke fitowa daga bayan boliyum ta kwanta ƙarƙashin gada. Auna tsakanin gada da notin soket, ya kamata ka ga kusan sifili. In ba haka ba, ɗaga gadar, kankare tsatsar da ke ƙarƙashinta, ka fere sabon bakin waya ka shimfiɗa.

Boliyum mai ƙarar yashi a fesa masa ruwan wanke kayan lantarki, a juya shi sau ashirin. Sai in ya ƙi za a canza, da irin lambarsa. Ka adana tsohon.

Mai_Alanki:

Fentin ka goge shi da tsumma mai ɗan laima kawai. Sukurun gada su yi awa biyu ko uku a binega, a wanke, a busar, a shafa mai. Ramin sukuru da ya saki, tsinken sakace da gulun katako. In za ka goge firet da soson ƙarfe lamba 0000, rufe fikof da salatif, don maganaɗisunsa yana jan ƙurar ƙarfe.

Saiti kuma bi da bi yake, da sababbin tsirkiyoyi masu lambar kauri 45 zuwa 105. Danne firet na farko da na ƙarshe a babbar tsirkiya, ratar da ke kan firet na 8 ta zama kamar milimita 0.3. Sannan tsayin tsirkiya a firet na 17: 2.4 a babba, 2.0 a ƙarama. Daga ƙarshe gwada firet na 12 da na'urar daidaita sauti. In ya haura, ja sirdin tsirkiyar baya, in ya gaza, tura shi gaba. Duk lokacin da ka sake taɓa rodi, sai ka maimaita waɗannan biyun na baya.