Idan Kebek ta ɓalle, arewacinta na wa?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ni dai ga matsayata: duk ranar da lardin Kebek ya ɓalle daga Kanada, ba shi da hurumin tafiya da ƙasar Cree da Inuit, 'yan asalin yankin, da ke arewa. Masu Faransanci na cewa su al'umma ce daban mai yarenta. To su Cree fa, da suka riga Bature zuwa wajen da dubban shekaru?

Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam. Ban yarda ba gaskiya. Tsarin mulkin Kanada ya hana a taɓa iyakar lardi sai da amincewar majalisarsa. In aka fara yanka, ina za a tsaya? Gobe masu Ingilishi na yammacin Montreal su ma su ce a ware musu unguwanninsu.

Malam Sani: Ai tsarin mulkin da kike kafa hujja da shi, shi ne suke son ficewa daga cikinsa. Kuma arewar nan ba gadon Faransa ba ce. Gwamnatin tarayya ta Ottawa ce ta haɗa wa Kebek ita a 1898 da 1912, ba wanda ya tambayi masu wurin.

Bashir: Yaya Hadiza, akwai abin da ba a cika faɗa ba. A zaɓen raba gardama na 30 ga Oktoba 1995 kan ɓallewar Kebek, masu son zama a Kanada sun sha da kyar, kashi 50.58 a kan 49.42, tazarar ƙuri'a wajen dubu 54. Amma kwanaki kaɗan kafin nan Cree sun yi nasu zaɓen ƙarƙashin shugabansu Matthew Coon Come, kashi 96 suka ce ba inda za su. Inuit ma haka. Da "eh" ta yi nasara, wa zai je ya gaya musu sun wayi gari a wata ƙasa?

Hadiza: Na ji, ƙanina. Amma kuna magana kamar Ottawa uwa ce gare su. Laifi tudu ne. Wa ya kafa dokar Indiyawa ta 1876, mai juya rayuwar 'yan asalin Kanada? Wa ya kwashe yara wajen dubu 150 daga hannun iyayensu aka zuba a makarantun kwana na coci, a aske musu kai, a dake su in sun yi yarensu? Tarayya ce. Sai 2008 firaminista Stephen Harper ya nemi gafara. Su kuwa 'yan a-waren da kuke zagi, a zamanin firimiyan Kebek René Lévesque, 1985, majalisar Kebek ta amince 'yan asalin al'ummomi ne. Firimiya Bernard Landry, shi ma ɗan a-ware, shi ya sa hannu kan yarjejeniya da shugaban Cree Ted Moses a 2002, za a ba Cree dalar Kanada biliyan 3.5 cikin shekara 50.

Malam Sani: Don Allah suka ba da? Wutar lantarki ce, Hajiya. Madatsun ruwan kamfanin lantarki Hydro-Québec na James Bay a ƙasar Cree suke. Da firimiyan Kebek Bourassa ya fara aikin a 1971 ko sallama bai yi musu ba, sai da suka je kotu alƙali Malouf ya tsayar da aikin a 1973. An dakatar da hukuncin cikin mako guda, amma tsoron kotu ya haifar da yarjejeniyar James Bay ta 1975.

Hadiza: Bourassa ai ɗan tarayya ne, Malam. Ka ƙara min hujja.

Alhaji Isa: Ku yi haƙuri, yanzu na shigo. Kun tsallake rikicin garin Oka, kusa da Montreal. 1990, za a faɗaɗa filin golf a kan ƙasar da Mohawk, su ma 'yan asali, ke cewa tasu ce, har da wajen maƙabartarsu. Kwana 78 ana ja-in-ja, 'yan sandan lardi suka fara, sojan tarayya suka ƙarasa. Shi ya sa ban ɗauki ƙuri'ar Cree a matsayin soyayya ba. Mai iyayen gida biyu, in ɗaya ya matsa masa yana da inda zai kai ƙara. In Kebek ta tafi, saura ɗaya.

Bashir: Kuma Kotun Ƙoli a 1998 ta ce ba a ɓallewa gaba-gaɗi, sai an zauna, kuma dole a duba haƙƙin 'yan asali.

Hadiza: "A duba" ta ce, Bashir. Ba ta ce su ke da wuƙa da nama ba.

Malam Sani: Ba ta kuma ce Kebek za ta fita da iyakarta yadda take ba. Ki nuna min inda ta faɗa.