Waƙar "Born in the U.S.A.": kirari ce ga Amurka ko kuwa koken tsohon soja?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san tarihin kiɗan rok na Amurka game da waƙar Bruce Springsteen mai suna "Born in the U.S.A.", wadda ta fito a shekarar 1984. Duk wanda ya ji amshinta, inda mawaƙin ke ta nanatawa da ƙarfi cewa a Amurka aka haife shi, ga ganga tana tashi, ga tutar ƙasar shimfiɗe a bangon faifan, zai ɗauka kirari ake yi wa ƙasa. Baitocin kuwa wani labari suke bayarwa dabam: yaro ne da ya tashi a garin da babu ci gaba, ya shiga wata rigima, aka danƙa masa bindiga aka tura shi yaƙi, ya dawo gida ya rasa aikin yi.

Abin da nake son sani shi ne, wanne ne ainihin nufin waƙar, amshin ko baitocin? Sannan me ya sa ake yawan ambaton Shugaba Ronald Reagan idan ana maganarta?

Malamin Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Fagge. A fahimtata koke ce, kuma tarihin yadda aka rubuta ta yana tabbatar da haka. Mai magana a cikin waƙar ɗaya ne daga cikin 'yan mazan jiyan da suka yi yaƙin Biyetnam, yaƙin da ya ci rayukan sojojin Amurka fiye da 58,000, ban da ɗimbin mutanen Biyetnam da suka hallaka waɗanda adadinsu ya ninka wannan nesa ba kusa ba. A lokacin akwai dokar aikin soja na tilas, wadda ba a daina aiki da ita ba sai 1973, kuma ɗalibin jami'a yana iya samun jinkiri, saboda haka nauyin ya fi faɗawa kan 'ya'yan ma'aikatan masana'antu da talakawa. Shi ya sa baitin farko ya soma da garin da aka haifi yaron da irin wahalar da ya tarar tun ranar da ya faɗo duniya, kafin a zo maganar bindiga. Talaucin ne ya share masa hanyar zuwa fagen daga.

Springsteen kansa ɗan irin wannan gari ne. Ya tashi a Freehold da ke jihar New Jersey, mahaifinsa ya yi aikin masana'anta, ya yi tuƙin bas, ya yi gadin gidan yari. Mai buga ganga a ƙungiyarsa ta farko, Bart Haynes, an kashe shi a Biyetnam a 1967, sannan Walter Cichon, wani mawaƙin yankinsu da yake ganin girmansa ƙwarai, ya ɓace a can a 1968. Shi Springsteen an kira shi gwajin shiga soja amma ba a ɗauke shi ba, kuma daga baya ya faɗa a bainar jama'a cewa yakan tambayi kansa ko wane ne ya tafi a madadinsa. Ya karanta littafin Ron Kovic, sojan da ya dawo daga yaƙin ƙafafunsa a shanye, ya kuma san Bobby Muller na ƙungiyar 'yan mazan jiyan Biyetnam, har ya yi musu wasan tara kuɗi a Los Angeles a watan Agustan 1981. A wannan tsakanin ne ya fara rubuta waƙar, kuma sunan da ya fara sa mata shi ne "Vietnam". Sunan da muka sani yanzu ya ɗauko shi ne daga bangon wani rubutaccen labarin fim da marubucin fim Paul Schrader ya aiko masa.

Baitin da ya fi taɓa ni shi ne na dawowa gida. Mutumin ya je matatar mai neman aiki, mai ɗaukar ma'aikata ya nuna masa cewa abin ya fi ƙarfinsa. Ya je ofishin kula da 'yan mazan jiya, jami'in ya sallame shi da 'yar magana. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya kore shi, kowa dai ya zame. A ƙarshe muna ganin sa tsakanin inuwar gidan yari da wutar matatar, shekara goma da dawowa, ba shi da inda zai nufa. Wannan hoto ya dace da zamanin, domin a ƙarshen 1982 rashin aikin yi a Amurka ya kai kashi 10.8 cikin ɗari, masana'antu suna ta rufewa, kuma sai a 1980 ne likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar suka shigar da ciwon firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali cikin kundin cututtukansu.

Game da Reagan kuwa, ga yadda abin ya kasance. A watan Satumban 1984 marubucin nan mai ra'ayin riƙau, George Will, bayan ya halarci wasan Springsteen, ya rubuta sharhi yana yaba amshin a matsayin shelar farin ciki da ƙasa. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 19 ga Satumba, Reagan yana yaƙin neman zaɓe a garin Hammonton na New Jersey, ya ce makomar Amurka tana cikin saƙon fata nagari da ke cikin waƙoƙin Springsteen. Bai ambaci sunan waƙar ba, amma kowa ya san faifan da ke tashe a lokacin. Springsteen ya mayar da martani daga kan dandamali a Pittsburgh, inda ya ce ba ya jin shugaban ya saurari faifansa na "Nebraska", sannan ya rera "Johnny 99" daga cikin wannan faifan, labarin ma'aikacin kamfanin mota da aka rufe masana'antarsu, ya harbe mutum, aka yanke masa ɗaurin shekara 99.

'Yar Damagaram ta rubuta:

Malam, na gode da wannan bayani, kuma ban musanta ko ɗaya daga cikin abubuwan da ka kawo ba. Inda na saɓa maka shi ne yadda ka ɗora ma'anar gaba ɗaya a kan kalmomi da tarihin mawaƙin, alhali ita waƙa da kunne ake karɓar ta, kuma kiɗan da aka ɗora mata yana daga cikin abin da take faɗa. Springsteen ya fara ɗaukar wannan waƙa a watan Janairun 1982 a ɗakinsa da ke Colts Neck, shi kaɗai da jita da ƙaramar rikoda ta kaset, a zaman da ya haifar da faifan "Nebraska". Wannan ɗauka ta fito a tarin "Tracks" a 1998, kuma duk wanda ya saurare ta ba zai taɓa cewa kirari ba ce, saboda muryar a shaƙe take, kiɗan kuma mai sa tsikar jiki tashi ne. Amma wadda ya zaɓa ya sakar wa duniya ita ce wadda ya ɗauka da ƙungiyarsa ta E Street, inda fiyanon lantarki na Roy Bittan ke maimaita sautin nan mai kama da kiran fareti, gangar Max Weinberg kuma tana faɗuwa da nauyi.

Ƙara da bangon faifan, hoton da Annie Leibovitz ta ɗauka a gaban tuta, da kuma babbar tutar da ake ratayawa a bayan dandamali. Ƙara da lokacin, wato shekarar wasannin Olamfik na Los Angeles, lokacin da kishin ƙasa ya cika ko'ina, har Reagan ya lashe jihohi 49 cikin 50 a zaɓen Nuwamba. Idan mawaƙi ya lulluɓe kokensa da wannan irin ado, ya kuma sake shi a irin wannan yanayi, ina ganin akwai rashin adalci a ce dubban mutanen da suka ɗaga hannu suna amsawa da murna duk ba su fahimta ba. Sun amsa abin da kiɗan ya kira su gare shi. Shi ma mawaƙin yana da rabonsa a cikin ruɗanin, kuma yadda daga baya ya shafe shekaru yana rera ta a hankali, shi kaɗai da jita, yana nuna cewa ya damu da yadda aka karɓe ta.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Maganar Hajiya ta ƙara mini tambaya. Idan kiɗan yana jan mutum gabas, baitocin suna jan sa yamma, shin aibi ne a ginin waƙar ko da gangan aka yi? Akwai kuma baitin da ke maganar wani ɗan'uwa da ya mutu a Khe Sanh, wanda nake son a fayyace mini, domin shi ne baitin da muryar mawaƙin ta fi sauyawa.

Baban Amshi ya rubuta:

Ɗana, da gangan aka yi, kuma a nan ne nake ganin ƙarfin waƙar yake. Mu da muka saba da waƙar jagora da 'yan amshi mun san cewa amshi ɗaya yana iya canza nauyi gwargwadon baitin da ya gabace shi, ko da kalmominsa ba su motsa ba. Haka abin yake a nan. Bayan baitin farko, faɗin cewa a Amurka aka haife shi bayani ne kawai na asali. Bayan baitin da aka tura shi ya kashe mutanen da bai sani ba, maganar ta zama tuhuma. Bayan an mayar da shi hannu rabbana daga matata da ofishin gwamnati, ta zama neman haƙƙi: ni ɗan ƙasar nan ne, an karɓi jinina, ina abin da aka yi mini alkawari? Mutumin da ke wannan ihu bai bar ƙasarsa ba, bai kuma yafe mata ba. Da zai faɗi maganar a hankali, da ta zama ta wanda ya sallama. Ƙarar gangar ita ce ta nuna cewa har yanzu yana tsaye yana nema.

Saboda haka na yarda da Hajiya cewa kiɗan yana cikin ma'ana, sai dai ban yarda cewa ya ci karo da baitocin ba. Alfaharin da ke cikin amshin na gaske ne, fushin da ke cikin baitocin ma na gaske ne, kuma a ƙirjin mutum ɗaya suke zaune, kamar yadda suke zaune a ƙirjin 'yan mazan jiya da yawa waɗanda suke girmama kakinsu alhali suna jin haushin waɗanda suka tura su. Kuskuren George Will da masu rubuta wa Reagan jawabi shi ne sun ɗauki rabi ɗaya suka bar ɗayan. Wanda kuma ya ce waƙar zagin Amurka ce zalla, shi ma rabi ya ɗauka.

Game da Khe Sanh, sansani ne na sojojin kundumbala na ruwa na Amurka a kusa da iyakar Lawos, wanda aka yi wa ƙawanya daga watan Janairu zuwa Afrilun 1968, tsawon kwana 77. Amurka ta riƙe shi da ruwan bama-bamai da asarar rayuka, sannan a tsakiyar wannan shekarar ta rushe shi da kanta ta janye. Ga mutanen da suka san labarin, ambaton sunan kaɗai ya isa ya tuna musu da wurin da aka mutu dominsa kuma aka bar shi bayan 'yan watanni. Abin da baitin ke cewa ke nan: waɗanda aka yaƙa suna nan a ƙasarsu, shi kuwa ɗan'uwan ya tafi. Akwai ɗan gyara na tarihi da ya kamata a sani, wato waƙar ta ambaci mayaƙan Viet Cong, 'yan tawayen Biyetnam ta Kudu, alhali rundunar Biyetnam ta Arewa ce ta yi ƙawanyar. Wannan bai rage wa baitin komai ba, domin bakin soja ne ke magana, kuma sojoji da yawa da suna ɗaya suke kiran duk wanda ke harbinsu. Haka ma kalmar wulaƙanci da aka yi amfani da ita ga mutanen Asiya a baiti na biyu, harshen waɗanda suka tura shi ne, an bar ta a bakinsa don mai sauraro ya ji munin yadda aka koya masa kallon abokin gaba.

Ka kuma lura da abin da ya biyo baya. Mamacin yana da wata mace da yake so a birnin Saigon na Biyetnam, kuma abin da ya rage a hannun mai magana shi ne hotonsu tare. A duk tsawon waƙar, a nan ne kaɗai wani daga Biyetnam ya bayyana a matsayin mutum mai fuska da zuciya, kuma ta hanyar soyayya ya bayyana. Wannan baiti ya fi sauran gajarta, kuma idan ka saurara da kyau za ka ji cewa a wannan yankin waƙar an bar wani gurbi babu magana, kuma amshin bai shigo ba. Mawaƙin ya wuce kai tsaye zuwa gidan yari da matata, sai bayan nan ihun ya dawo.

'Yar Damagaram ta rubuta:

Baba, bayaninka kan yadda amshin ke sauya nauyi ya gamsar da ni a kan abin da mawaƙin ya nufa, musamman wannan gurbi da ka nuna inda amshin ya yi shiru. Abin da har yanzu nake riƙe da shi shi ne, wannan fahimta tana buƙatar mai sauraro ya bi baitocin ɗaya bayan ɗaya, alhali a filin wasa mai cin dubban mutane, ko a gidan rediyon ƙasar da ba Ingilishi ake ji ba, amshin ne kaɗai ke isa kunne. Shawarata ga Malam Ɗan Fagge ita ce ya fara sauraron ɗaukar Janairun 1982 yana riƙe da rubutattun baitocin, sannan ya koma ga wadda ta fito a 1984, ya gaya mana ko ganga ta ƙara wa koken ƙarfi a kunnensa ko ta danne shi.